Gilashin Baba da Gaurakin Zabarmari

Talata, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na ga hotona da sunan wani a ƙarƙashinsa.

A littattafan da nake karantawa, idan aka yi wa mace irin wannan, ko dai ta sulale ƙasa a sume, ko kofi ya suɓuce daga hannunta ya tarwatse. Ni ba abin da ya suɓuce. Kwamfutarsa ce a kan cinyata, na riƙe ta da kyau.

Na buɗe ta ne don in kwashe hotunan kurciyoyin da na ɗauka a kan katangarmu. Ashe ya bar WhatsApp ɗinsa a buɗe, guruf ɗin nan nasu na masu ɗaukar hoto don sha'awa, wanda suke kira Idon Yerwa. Sai ga gaurakina biyu a gonar shinkafar kawuna Baba Madu a Zabarmari, fikafikai a buɗe, suna yi wa juna rawa, ruwa yana ƙyalli a bayansu. A ƙasa an rubuta: Hashim Sa'id.

Mijina. Yau na rubuta sunansa ƙarara, tunda littafin nawa ne kuma ba ya karanta shi.

Ya dawo, na kawo masa ruwa, na zuba masa abinci kamar kullum.

Laraba, 8 ga Oktoba, hantsi

Na sake buɗewa bayan ya fita. Saƙo ya fi ɗari. Ajimi, shugaban guruf ɗin, ya rubuta cewa wannan shi ne bambancin gilashin kyamara mai tsada da na banza, wai a dubi gashin kan tsuntsun, ana iya ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce shi ma zai sayar da nasa ya sayi irin sabon da Hashim ya saya. Wata Susanna ta ce ita dai hasken ne ya kama ta, ba gilashin ba. Suka yi mata caa, wai haske kowa yana da shi, rana ba ta wani ba ce.

Shi ma ya amsa musu. Abin da ya rubuta, ba zan kwafe shi a nan ba. Ba yau ba.

Laraba, bayan azahar

Na ƙone miya.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada wata rana ni ma in fara shakka.

Ranar Asabar ta ƙarshen Satumba muka je gaishe da Baba Madu, ƙanin mahaifiyata. Muka jira masu tsaro suka buɗe hanya muka wuce. Shi ya tafi da sabon gilashinsa da ya saya a shagon Onuora mai sayar da kyamara, ni na tafi da na Baba, mahaifina. Gilashin Baba tsoho ne, dogo, mai nauyi kamar taɓarya, kuma da hannu ake juya shi har abu ya fito sarai. Shekara talatin Baba ya yi yana ɗaukar biki da wasan ƙwallo da shi, duk unguwar Shehuri an san Mikail Mai Hoto. Da ya rasu, 'yan uwa suka ɗauki abin da suka ɗauka, ni na ce a ba ni wannan. Onuora ne ya samo mini zoben ƙarfe da ya haɗa shi da 'yar kyamarata.

Da muka isa, maigidan ya tsaya a bakin hanya ya ɗauki shinkafa, ya ɗauki wata saniya, rana ta fara zafi, ya ce zai ɗan zauna a mota. Baba Madu ya ce mini akwai wasu tsuntsaye masu hula da suke sauka can ƙarshen gona kwana uku ke nan. Na bi shi. Mun yi tafiyar da ta kusa awa ɗaya a kan 'yar kunyar da ke tsakanin ruwa da ruwa. Da muka hango su, na kwanta rub da ciki a cikin taɓo, na ɗora gilashin a kan takalmina, na jira. Sauro ya ci ni, wani abu ya yi ta tafiya a ƙafata ban duba ba. Baba Madu yana bayana yana dariya ƙasa-ƙasa. Sai namijin ya yi tsalle ya buɗe fikafikai, macen ta amsa masa. Sau ɗaya na danna ya yi daidai.

Laffayata shuɗiya ba ta sake komawa shuɗiya ba. Da na dawo mota na same shi yana barci, totuwar masara biyu a ƙasan ƙafarsa.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Ya ce me ya sa na yi shiru kwana biyu. Na ce littafi nake karantawa mai ban tausayi. Ya yi dariya ya ce wata rana littattafan nan za su haukata ni. Na zuba masa shayi.

Asabar, 11 ga Oktoba, la'asar

Na je Shehuri wajen Ya Kaltum, yayata. Na faɗa mata duka. Tana tankaɗe gari, ba ta ko tsaya ba. Ta ce hoton tsuntsu ne fa, ba gida ya sayar ba, ba ya duke ni ba. Ta ce miji da mata ai abu ɗaya ne, idan an yabe shi an yabe ni. Na ce to me ya sa ba a yabe ni ba, a ce an yabe shi? Ta ce bakin nan nawa shi ne matsalata tun ina ƙarama.

Na ce da gilashin Baba fa na ɗauka. Nan ta ɗan dakata da tankaɗen. Sannan ta ci gaba, ta ce in yi haƙuri.

A keke napep ina dawowa unguwarmu Abbaganaram na tsara abubuwa bakwai da zan yi masa. Biyar daga ciki a littattafai na samo su, kuma duk suna buƙatar ko boka ko wani attajiri da zai zo ya ɗauke ni a mota mai baƙin gilas. Ba ni da ko ɗaya.

Litinin, 13 ga Oktoba, hantsi

Na buɗe jakarsa. Na fito da sabon gilashin, na cire murfin. Allura tana hannuna. Layi ɗaya kawai zan karta masa, daga sama zuwa ƙasa.

Na daɗe ina kallon fuskata a cikinsa, 'yar ƙarama, a juye. Abin yana da kyau, kamar idon saniya. Bai yi mini komai ba. Baba ya sha cewa ko numfashi kada a yi wa gilashi sai da dalili.

Na mayar da murfin. Na ɗinke maɓallin rigarsa da allurar, tunda na riga na zare ta.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Na je kasuwa sayen zare, ƙafata ta kai ni shagon Onuora. Yana goge wata kyamara da ɗan burushi. Shi ma yana cikin guruf ɗin, amma ba ya yawan magana. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi zoben ko yana kamawa da kyau. Sai ya ajiye burushin ya juyo da wayarsa, ya buɗe hoton, ya faɗaɗa shi da yatsu biyu har tsuntsayen suka fita, sai ɗige-ɗigen hasken da ke kan ruwa a baya. Kowane ɗigo zagayayye ne, kuma a gefen kowanne akwai 'yar tsaga baƙa, kamar an ciji wata.

Ya ce, "Madam, gilashin da na sayar wa oga ba ya yin wannan. Na Alhaji Mikail ne yake yi. Ni na san ɓantarewar nan, tun ranar da babur ya kayar da shi ya kawo mini."

Ya ce idan ina so zai yi magana a guruf. Na ce a'a, ya bari tukuna. Ya dube ni ya ce to, shi dai bai ga komai ba, bai ji komai ba.

Ban san me nake jira ba. Na dai san ba na so a gama shi da saƙo ɗaya, a yi dariya, gobe a manta.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan magariba

Sun yi zaɓe. Gaurakina ne suka ci hoton wata, kuma su za a sa a bangon kalandar da guruf ɗin yake bugawa kowace shekara. A ƙasan kowane hoto ana rubuta sunan mai shi da irin gilashin da ya yi amfani da shi. Ajimi ya ce ƙarshen wata za a kai wa mai bugawa.

Shekara guda cur a bangon mutane. A ofis, a shago, a falon Ya Kaltum.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da safe

Allah mai iko.

Ashe suna da al'ada. Duk wanda hotonsa ya ci wata, shi zai ja mutanen guruf ya kai su daidai inda ya tsaya ya ɗauka, kowa ya gwada nasa gilashin a wurin, a ga na wa ya fi. Ajimi ya sa ranar Asabar ta sama, ashirin da biyar ga wata. Mutum goma sha ɗaya sun rubuta suna. Ɗaya ma har ya ce Hashim ya nuna musu yadda ya kwanta, don daga ganin hoton an san daga ƙasa aka ɗauka.

Shi ya amsa da cewa in sha Allahu.

Na rufe kwamfutar na yi ta zagaya tsakar gida ni kaɗai. Har waƙa na yi.

Lahadi, 19 ga Oktoba, la'asar

Ya kawo mini littattafai sababbi guda uku, shi da yake cewa za su haukata ni. Ya kawo kilishi. Ya ce laffayata shuɗiyar nan ina take, ya daina ganinta. Na ce ta lalace a wanki.

Na karanta ɗaya har ƙarshe. Yana da daɗi. Matar ta yafe wa mijin a shafi na tamanin, da wuri ƙwarai a ganina.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Ya tambaya.

Ya yi ta kewaye-kewaye tukuna. Wai gonar Baba Madu tana da girma, wai ranar nan na yi nisa kuwa, wai ta gabas muka bi ko ta arewa. Ina yankan kuɓewa ina cewa na manta. A ƙarshe ya zauna a kan turmi ya ce, "Mu'mina, a ina ne daidai tsuntsayen nan suka sauka?"

Na ce, "Wanda ya ɗauki hoton ai ya sani."

Na gama yankan kuɓewar. Sannan ya fara. Wai ba da wata manufa ya yi ba. Wai ya tura ne kawai a gani, kafin ya ankara an fara yabo, sai ya ji nauyin gyarawa. Wai kuma guruf ɗin maza ne fal, bai so sunan matarsa ya yi ta yawo a bakinsu. Na ce Susanna fa, namiji ce? Ya ce wannan daban. Na ce to sunan gilashin fa, shi ma kishinsa kake yi?

Nan ya gane na karanta.

Na jira ya ce zai gaya musu gaskiya. Na ba shi lokaci, Allah ya sani, har na wanke wuƙa na goge ta. Abin da ya ce shi ne in taimake shi wannan karon kawai, bayan an buga kalanda zai san yadda zai yi.

Na ce ya tambayi Baba Madu, shi ya san gonarsa. Fuskarsa ta washe. Ya ce Allah ya yi mini albarka.

Laraba, 22 ga Oktoba, hantsi

Ga abin da ya rubuta musu ranar nan. Yau zan iya.

"Gaskiya ne Ajimi. Akwai wani tsohon gilashi a gidana na gado, in ba dakan yaji ba ban ga amfaninsa ba."

Mutum shida suka sa fuskar dariya.

Laraba, la'asar

Na kira Baba Madu. Muka yi wushe-wushe, wato doguwar gaisuwarmu, ya ba ni labarin shinkafa da tsuntsayen da ke cinye ta da ciwon gwiwarsa. Na ce ranar Asabar surukinsa zai kawo baƙi su ga inda aka ɗauki masu hular nan. Ya ce ai sun tashi tun tuni. Na ce ba komai, wurin suke son gani, kuma mutane ne masu son labari, ya ba su duk yadda aka yi, kada ya rage komai.

Ya ce ai ko ban faɗa ba. Ya ce babu wanda bai ba labarin ba a Zabarmari, har liman.

Ban yi ƙarya ba. Ban roƙe shi komai ba sai gaskiya. Ina maimaita wa kaina wannan tun ɗazu.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Na goge masa farin yadinsa. Na wanke fararen takalman nan da yake ji da su, na shanya a rana. Ya ce ba za su yi datti ba kuwa? Na ce shugaban tafiya ai sai da kwalliya.

Asabar, 25 ga Oktoba, da sassafe

Ya fita. A bakin ƙofa ya juyo ya ce in yi masa addu'a. Kalma ɗaya ta zo mini har kan harshe, in ce ya tsaya, ya rubuta musu yanzu kafin su hau hanya. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Asabar, azahar

Na share gidan sau biyu. Littafi ya ƙi karantuwa.

Asabar, bayan la'asar

Wata baƙuwar lamba ta kira. Susanna ce, Baba Madu ya ba ta lambata. Muryarta kamar ta malamar makaranta, kuma ashe ita ce. Ta ce tana cikin mota amma ba za ta iya jira ba.

Ta ce sun bi Baba Madu a layi, kowa da jakarsa da gilashinsa, taɓo har ƙauri. Ajimi ya zame sau biyu yana ɗaga kyamara sama kamar jariri. Da suka isa babu tsuntsu ko ɗaya sai belbela. Aka ce Hashim ya nuna inda ya kwanta. Ya duba nan, ya duba can, ya nuna wani busasshen wuri. Sai Baba Madu ya kwashe da dariya ya ce, "Kai ɗana, yaushe ka zo nan? Kai da na bari a mota da masara. Ga inda 'yata ta kwanta can, har yanzu ramin gwiwar hannunta yana nan."

Ta ce tsohon bai tsaya nan ba. Ya kwanta da kansa a taɓon ya nuna yadda na yi, ya cire takalminsa ya ɗora sandarsa a kai a matsayin gilashi, yana cewa ƙarfen mahaifina Mikail ne, da shi ya ɗauki hoton auren shi Baba Madun. Ba da mugunta yake yi ba, alfahari yake. Wani ya ce wataƙila tsohon ya ruɗe ne. Sai Onuora ya fito da wayarsa ya faɗaɗa hoton ya miƙa wa Ajimi, aka yi ta miƙa wa juna, kowa yana duban 'yar tsagar.

Na tambaye ta shi maigidan me ya ce. Ta ce tsayawa kawai ya yi yana kallon takalmansa. Ta ce a hanyar dawowa wanda ya yi niyyar sayar da gilashinsa ya tambayi Onuora ko ana samun irin tsohon nan.

Na ji daɗi. Ba zan yi wa littafina ƙarya ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Asabar, magariba

Ya dawo. Ya cire takalman a bakin ƙofa. Na kawo masa ruwa, na zuba masa abinci. Bai ci ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, hantsi

Kwana biyu ke nan, daga sallama sai amsawa. A littattafai, bayan ramuwa sai a rufe babi. Ba a rubuta yadda ake raba tabarma ɗaya da mutumin washegari.

Ya Kaltum ta kira, labari ya kai Shehuri. Ta ce na tozarta mijina a gaban maza. Na ce Baba Madu ne. Ta ce ta san wanda ya kunna Baba Madu. Kafin ta kashe ta ce a ajiye mata kalanda ɗaya.

Takalman suna nan inda ya cire su. Ban wanke ba, shi ma bai ce in wanke ba. Da safe ruwan alwala ya fantsama a kansu, rana ta bugi ɗigon. Na ɗauko gilashin Baba na durƙusa na ɗauke su. Hoton ya fito da kyau ƙwarai.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Ya shigo kicin da wayarsa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ya rubuta musu. Layi huɗu ne, babu wai-wai a ciki. Ya ce hoton na matarsa ne, gilashin na surukinsa ne marigayi, kuma maganar dakan yaji ya janye ta, yana neman gafarar mai rai da wanda ya rasu. Na karanta sau biyu.

Ya ce Ajimi yana jiran suna, gobe za a kai wa mai bugawa. Ya ce, "Mu'mina Hashim zan ba su?"

Na ce, "Mu'mina Mikail. Wajen gilashi kuma a rubuta: na Mikail Mai Hoto, Shehuri."

Ya rubuta, ya nuna mini, ya tura a gabana.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da safe

An sa ni a guruf. Susanna ta ce sabuwar shiga sai ta turo hoto, haka ake yi. Na buɗe na takalman, farare a da, taɓon Zabarmari ya bushe a kansu, kowane ɗigon ruwa da 'yar tsagar Baba a gefensa. Shi ne mafi kyau a duk abin da na ɗauka wannan watan.

Yana tsakar gida yana wanke su da kansa, da burushin wankina, ba daidai ba.

Na tura musu kurciyoyi. Na takalman yana nan a ajiye. Ban goge shi ba.